Dalar jama'a: yadda ake zana ta da karanta ta a ajin labarin ƙasa

Dalar jama'a zane ne da ke nuna yadda mutanen wata ƙasa ko wani gari suka kasu ta fuskar shekaru da jinsi a lokaci guda. Ana jera su rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar: 0 zuwa 4 a can ƙasa, 5 zuwa 9 a kansa, haka har sama inda tsofaffi suke, galibi a rufe da rukunin 80 ko 85 zuwa sama. Layi ɗaya a tsaye ya raba zanen biyu, maza a hagu, mata a dama, kowane rukuni da sandarsa a kwance, tsawonta gwargwadon yawan mutanen da ke ciki. A ɓangaren labarin ƙasa da ya shafi mutane da wuya a samu kayan koyarwa mai amfani kamarsa, domin a shafi ɗaya ya tattara haihuwa da mutuwa da ƙaura da yaƙi na kusan shekara tamanin.

Gara ɗalibi ya zana da hannunsa kafin a nuna masa wadda kwamfuta ta fitar. Abin da ake buƙata shi ne takarda mai gidajen murabba'i, rula, fensir da teburin alƙaluma. Sashen kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya yana ajiye irin waɗannan alƙaluma na kowace ƙasa kyauta a intanet, haka ma hukumomin ƙidaya na ƙasashe. Da farko a mayar da adadi zuwa kaso. A ce gari yana da mutum 10,000, yara maza 'yan ƙasa da shekara biyar su 900, mata 860. Sandar maza kashi 9 ke nan, ta mata 8.6. Idan aka ɗauki santimita ɗaya a matsayin kashi ɗaya, sandar hagu santimita 9 ce daga layin tsakiya.

Nan ne ɗalibai suka fi zamewa. Sai su raba 900 da jimillar maza kaɗai, 860 da jimillar mata kaɗai, maimakon su raba duka da 10,000. Sakamakon shi ne kowane ɓangare ya cika kashi 100 da kansa, dalar ta fito daidai wa daida ko da a ce maza sun ninka mata a garin. Gwajin mai sauƙi ne: a haɗa dukkan sandunan hagu da dama, dole su ba da 100 tare. Wani kuskuren shi ne cuɗa rukunai masu faɗi daban, wani shekara biyar wani goma, sai na goman ya kumbura kamar an samu ɓarkewar haihuwa. Kuma idan za a kwatanta ƙasashe biyu, da kaso za a yi, a ma'auni ɗaya, in ba haka ba ƙaramar ƙasa ta ɓace kusa da babba.

Siffar zanen ita ce abu na farko da ake karantawa. Gindi mai faɗi da kai mai tsini alamar yawan haihuwa ce, kamar Nijar inda kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba. Idan gefuna sun miƙe kusan a tsaye, haihuwa ta sauko kusa da 'ya'ya 2.1 ga kowace mace, adadin da ke sa wani zamani ya maye gurbin wanda ya gabace shi. Ta Japan kuwa ta fi kama da tulu, gindi a tsuke, ciki a buɗe, domin 'yan shekara 65 zuwa sama sun kusa kashi 30. A kusan kowace dala sandar maza a ƙasa ta ɗan fi tsawo, don ana haihuwar maza kusan 105 a kan mata 100, amma a sama mata ne ke rinjaye saboda sun fi tsawon rai.

Darasin ya fi armashi a wuraren da zanen ya lotsa ko ya kumbura. A koya wa ɗalibi lissafi ɗaya tak: ya cire shekarun rukunin daga shekarar da aka tattara alƙaluman, ya samu shekarar haihuwa, sannan ya tambaya me ya faru a lokacin. A dalar Rasha ta 2020 akwai rami mai zurfi wajen shekara 75 zuwa 78, wato waɗanda aka haifa daga 1942 zuwa 1945, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ramin bai tsaya nan ba. Ƙarancin jariran wancan lokaci ya zama ƙarancin iyaye a ƙarshen shekarun 1960, ya sake bayyana a shekarun 1990 lokacin da ya haɗu da wahalar rushewar Tarayyar Sobiyet. Dalar Sin tana da tabon yunwar 1959 zuwa 1961, da kuma rinjayen maza a tsakanin waɗanda aka haifa zamanin dokar da ta taƙaita ma'aurata ga haihuwa ɗaya, daga 1980 zuwa 2015. A Japan haihuwa ta faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a 1966 kaɗai, saboda camfin da ke cewa 'yan matan da aka haifa a wannan shekara za su zama annoba ga mazajensu. Wannan ba ya fitowa sosai a rukunin shekara biyar, sai an zana dala ta shekara ɗai-ɗai. Katar kuma misalin ƙaura ce: ɓangaren maza daga shekara 25 zuwa 44 ya miƙe nesa, na mata ya tsaya kusa da layi, domin mafi yawan ma'aikatan da ke shigowa daga ƙetare maza ne.

Daga dalar ake fitar da nauyin dogaro. Ana haɗa 'yan ƙasa da 15 da 'yan 65 zuwa sama, a raba da 'yan 15 zuwa 64, a ninka sau 100. A garin misalinmu, idan yara 4,500 ne, tsofaffi 300, masu ƙarfin aiki 5,200, amsar 92 ce: kowane mutum 100 masu shekarun aiki suna ɗauke da 92. Wajibi ne malami ya nuna raunin wannan awo. Yana ɗauka cewa duk ɗan shekara 20 yana da aiki, duk ɗan 66 ya zauna, alhali ba haka rayuwa take ba. Ƙasashe biyu ma suna iya samun adadi iri ɗaya, ɗaya buƙatarta azuzuwa da ungozoma, ɗayar fansho da ma'aikatan jinya. Wannan kaɗai ya isa muhawarar darasi guda.

A yi hattara da alƙaluman kansu. Inda rajistar haihuwa ba ta wadata ba, mutane kan faɗi shekarun da suka ƙare da sifiri ko biyar, mai 38 ya ce 40, mai 47 ya ce 45. Dalar shekara ɗai-ɗai sai ta fito da haƙora, ɗalibi ya ɗauka tarihi ne alhali kuskuren ƙidaya ne. Ɗaya daga dalilan haɗa shekaru biyar-biyar ke nan. Haka nan akan manta da jarirai wajen ƙirge, sandar 0 zuwa 4 ta gajarta ba don haihuwa ta ragu ba.

Tambayar da ta fi ɗaure wa ɗalibai kai ita ce: idan haihuwa ta sauko zuwa 2.1 a yau a ƙasa mai faffaɗan gindi, yawan jama'a zai tsaya? Ba zai tsaya ba. A sa su ɗauki sandunan mata na 0 zuwa 14 su matsar da su sama hawa huɗu, wato shekara 20 gaba, su kwatanta da matan da ke shekara 20 zuwa 34 yanzu. Za su ga iyayen gobe an riga an haife su, kuma sun fi na yau yawa nesa ba kusa ba, don haka ko kowace ta haifi biyu kacal, jama'a za su ci gaba da ƙaruwa shekaru da dama kafin adadin ya daidaita.