Waiwaye: Pokémon na Game Boy, daga 1996 zuwa yau

Ranar 27 ga Fabrairu, 1996, kamfanin Nintendo ya fitar da Pokémon, wasan kama halittu da haɗa su faɗa, a Japan cikin kaset iri biyu, Ja da Kore. A lokacin Game Boy, na'urar wasa ta hannu, ta kai kusan shekara bakwai a kasuwa, allonta ba shi da launi sai inuwa huɗu, kuma da yawa na ganin yayinta ya wuce.

Asalin wasan daga ƙuruciyar Satoshi Tajiri ya fito. Yana yaro a Machida, gefen birnin Tokyo, aikinsa ke nan bin ciyayi da bakin ruwa yana kama ƙwari, har gine-gine suka zo suka cinye filayen. Da ya ga wayar da ake haɗa Game Boy biyu da ita, sai ya riƙa hango ƙwari suna bin ta daga wannan na'ura zuwa waccan. Ƙaramin kamfaninsa, Game Freak, ya shafe kimanin shekara shida yana gina wasan, har ya kusa durƙushewa don rashin kuɗi. Ken Sugimori ya jagoranci zanen halittun, Junichi Masuda ya tsara kiɗan. Sai a 1998 wasan ya isa Amurka da sunan Red da Blue, Turai kuma a 1999.

Wanda ya ɗauke shi yau, abin da zai fara ci masa tuwo a ƙwarya shi ne nauyin tafiyarsa. Ɗan wasa ba ya gudu, sai ya samu keke. Jaka kaya iri 20 kawai take ɗauka. Idan akwatin ajiyar halittu ya cika, ba za ka iya kama sabo ba sai ka koma gari ka canza akwati da kanka. Akwai kurakurai a cikin lissafin faɗa: dabarar Focus Energy, maimakon ta ƙara yiwuwar mugun sara, rage shi take yi. Halittu jinsin Psychic kuwa sun fi ƙarfin kowa, domin dabarar jinsin fatalwa da ya kamata ta karya su ba ta ma taɓa su. Ga kuma MissingNo., wani ɓataccen hoto da ke bullowa a gaɓar tsibirin Cinnabar saboda kuskuren rubutun manhajar.

Duk da haka ƙashin bayan wasan bai lanƙwashe ba, kuma wannan ne ya sa har gobe nake kare shi. Ka zaɓi ɗaya daga cikin halittu uku, Bulbasaur, Charmander ko Squirtle, ka riƙe shida a hannu, kowanne da dabaru huɗu kacal. Ruwa na kashe wuta, wuta na cinye ciyawa, ciyawa na shanye ruwa. Yaro ɗan shekara bakwai zai gane wannan nan take, amma zaɓin dabarar da za a yar domin koyon sabuwa yana sa babba tsayawa tunani. Wasan ba ya yawan surutu. Ya sake ka a yankin Kanto, kuma bayan ka wuce tsakiya, kai za ka tsara yadda za ka bi wasu daga cikin shugabannin faɗa takwas. Sababbin fitowar sun kai halittu sama da dubu, suna riƙe da hannun ɗan wasa a kowane lungu. A nan 151 ne, kuma mutum na iya haddace su kaf.

Abin da ya fi wuyar dawowa shi ne wayar nan ta Tajiri. Da gangan aka raba halittun: Ekans na cikin Red, Sandshrew na cikin Blue, kuma Kadabra, Machoke, Graveler da Haunter ba sa rikiɗa zuwa siffarsu ta ƙarshe sai an yi musanyarsu. Dole ka nemi wani, ku zauna gwiwa da gwiwa, ku yi ciniki. Ta haka jita-jita ta riƙa yawo, musamman kan Mew, halitta ta 151 da Shigeki Morimoto, ma'aikacin Game Freak, ya cusa a ɓoye dab da kammala aiki. Wanda ke buga wasan shi kaɗai a yau rabin abin yake gani.

An sake gina shi a 2004 da sunan FireRed da LeafGreen, sannan a 2018 da Let's Go a kan na'urar Switch. Ainihin na farkon ya dawo kan na'urar 3DS a 2016, da musanya ba tare da waya ba, amma an rufe shagon intanet na 3DS a watan Maris na 2023. Tsofaffin kaset ɗin kuma ƙaramin batiri ne a cikinsu ke riƙe ajiyar wasa, kuma da yawa daga cikinsu ya riga ya mutu. Ana iya buɗe kaset a sa sabo, sai dai halittun da aka tara a kan tsohon sun tafi tare da shi.