Waiwaye: Rigimar mallakar mod ta girmi maganar kuɗi

Duk mai leƙa zaurukan intanet na masu buga wasannin kwamfuta irin Skyrim, Fallout 4 ko Starfield ya san gardamar da ta ƙi mutuwa: a sayar da mod ko a bar shi kyauta? Mod shi ne kwaskwarimar da ɗan wasa ke yi wa wasan kwamfuta da hannunsa, ya ƙara gari ko makami, ya gyara kuskure, ya sauya fuskar allo, sannan ya ɗora a intanet kowa ya sauke. Tun da aka buɗe kasuwar sayar da mod mai suna Creations ga Skyrim a Disambar 2023, aka kai ta Starfield a Yunin 2024, masu kula da zauruka ba su huta ba. Yau a kulle tattaunawa, gobe a dakatar da wani, jibi wani tsohon hannu ya kwashe ayyukansa ya yi gaba. Da yawa sun ɗauka kuɗi ne suka haifar da wannan ƙura. A ganina kuɗi sun zo ne sun tarar da rigimar a kwance, kuma tambayar da ke ƙasanta ta fi ta farashi wuya: idan aikinka ya zama ginshiƙin ayyukan mutum ɗari, kana da ikon zare shi?

Al'adar "kyauta muke yi" gadonta aka yi daga masoya ƙagaggun labaran kimiyya. Mujallar Amazing Stories da ta fara fita a Amurka a 1926 tana buga wasiƙun masu karatu tare da adireshinsu, sai suka fara rubuta wa juna. Zuwa 1930 sun fara buga ƙananan mujallunsu na kansu. Irin waɗannan mujallu ba don riba ake yin su ba: ka aiko da taka a musanya, ko ka rubuto wasiƙar sharhi, ko ka ba da rubutu, sai a aiko maka da kwafi. Rikicin wa zai shiga wa za a hana ma tsoho ne, domin a babban taron masoyan na farko a New York a 1939 an tare mutum shida a bakin ƙofa saboda saɓanin ƙungiyanci. Abin lura shi ne, a wannan duniyar kowace mujalla tsaye take da ƙafarta. In mai ita ya gaji ya daina, ta wani ba ta lalace.

Masu wasa sun ɗauki al'adar kamar yadda take. Doom ya fito a Disambar 1993 da hotunansa da taswirorinsa a fayil daban mai suna WAD, abin da ya sauƙaƙa wa kowa ƙirƙirar nasa matakin. Kowane mataki yana zuwa da 'yar takardar bayani, a ƙarshenta mai aikin ya rubuta ko ya yarda a gina wani abu a kan nasa ko bai yarda ba. Layi ɗaya ke nan, kuma ya wadatar a lokacin. Counter-Strike ya fara a matsayin mod na Half-Life a 1999, ya zama wasan sayarwa a 2000. DotA ta fito daga cikin Warcraft III. Wannan tarihi kowa ya haddace shi, kamar yadda aka haddace abin da ya faru a Afrilun 2015, lokacin da aka gwada sayar da mod na Skyrim a Steam Workshop, dandalin raba mod na shagon wasanni na Steam, kason mai aikin 25 cikin ɗari, aka janye tsarin bayan kwana huɗu.

Sai dai a cikin waɗancan kwanaki huɗu akwai ƙaramin abin da ya fi kason kuɗin muhimmanci. Ɗaya daga cikin mod na farko da aka sa wa farashi, na kamun kifi ne, an cire shi tun da wuri saboda motsin jikin ɗan wasan da ke cikinsa ya dogara da wani kayan aiki na kyauta da wani mutum daban ya rubuta, shi kuma bai yarda a haɗa aikinsa da ciniki ba. Ba wanda ya yi niyyar sata. Ayyukan ne suka riga suka sarƙe da juna ba tare da an lura ba.

Sarƙewar ta faro ne da Morrowind, magabacin Skyrim, a 2002, wanda ya zo da kayan gyaransa a faifai. A wasannin wannan zuri'a, mod fayil ne mai ƙarewa da esp ko esm, kuma kowane abu a cikin wasa yana da lambar shaida. A Skyrim lambar mai gurbi takwas ce, biyun farko suna nuna matsayin fayil ɗin a jerin lodi, shi ya sa aka daɗe ba a iya wuce fayil 255. In mod biyu suka taɓa abu guda, na ƙarshe a jeri ne ke yin nasara, na farko ya tafi a banza. Don haka sai an sami mutum na uku ya rubuta faci da zai sulhunta su. Facin kuwa yana rubuta sunayen iyayensa biyu a kansa. In ɗaya ya ɓace, wasan yakan mutu tun kafin ya kai allon farko, ba tare da ya faɗa maka dalili ba. A kan wannan aka ƙara SKSE, manhajar da ke faɗaɗa umarnin da mod zai iya bayarwa, sannan SkyUI wanda ɗaruruwan mod ke aron shafinsa na saiti. Mutum ya sauke gyaran yanayin sanyi kawai, sai ya tarar yana buƙatar wasu abubuwa huɗu a ƙarƙashinsa, kowanne da mai shi, kowanne da sharaɗinsa.

Tun zamanin Morrowind wani sanannen mai kwaskwarima da ake kira Wrye ya hango inda aka dosa. Ya raba jama'ar gida biyu: masu ganin aikin kamar ginin babban coci ne da kowa ke aza tubalinsa ya bar shi a nan, da masu ganinsa kamar falon mutum ne, ka shigo ka kalla, ranar da mai gida ya ga dama ya rufe ƙofa. Da Bahaushe ne sai ya ce aikin gayya da gonar gandu. An karanta, an yi ta muhawara, aka watse ba a yanke komai ba. Aiki ya ci gaba da tafiya irin na gayya, izini kuma ya tsaya irin na falo.

Inda abin ya juya, wanda masu gardamar yau ba su cika komawa kansa ba, shi ne tsakanin 2019 da 2021. A da, mai son wasa da mod ɗari uku zai bi jagora a rubuce, ya shafe kwanaki yana saukewa ɗaya bayan ɗaya. In ya tarar an goge wani, ya nemi makamancinsa ko ya tsallake. Mutum ne ke cike giɓin da hankalinsa. A 2019 aka fito da Wabbajack, manhajar da ke yin wannan aikin gaba ɗaya da kanta. Dabararta ita ce ba ta raba fayil ɗin kowa, don haka ba ta karya sharaɗin "kada a sake ɗora aikina a wani wuri". Abin da take riƙewa umarni ne kawai: je wuri kaza, sauko fayil mai lamba kaza, tabbatar lambar tantancewarsa ta yi daidai, ciro waɗannan sassa, ajiye su nan. Lambar tantancewar nan kamar zanen yatsa take, harafi ɗaya ya sauya a cikin fayil, ta sauya.

Nan ne matsalar ta fito fili. Manhaja ba ta san makamanci ba. Jeri mai mod ɗari takwas, fayil ɗaya ya ɓace, girkawa ta tsaya cak. Ba sai mai aikin ya yi fushi ba ma. Ya isa ya fitar da sabon zubi ya share tsohon, abin da kowa ya saba yi don tsabtace shafinsa. Mai haɗa jerin dole ya sauko da sabon, ya duba ko lambobin shaida sun motsa, ya sake gina duk facin da ya taɓa shi, ya sake fitar da hotunan nesa na duwatsu da bishiyoyi in taswira ta canza, ya gwada na sa'o'i, sannan ya sake fitar da jerin. Sau da yawa sabon jerin ba ya karɓar tsohuwar ajiyar wasa, domin Skyrim yana dasa bayanan umarnin mod a cikin ajiyar. Mutumin da ya yi sa'a tamanin yana wasa sai ya koma farko. Goge fayil, wanda jiya hakkin mutum ne da bai shafi kowa ba, ya zama abin da ke rushe wa dubban mutane aiki cikin dare ɗaya.

A farkon Yulin 2021 Nexus Mods, babban rumbun da ake ɗora mod a intanet, ya sanar da cewa saboda tsarinsa na Collections da ke tafe, wanda shi ma ke girka jerin mod da kansa, mai mod ba zai ƙara iya goge fayil gaba ɗaya ba. Zai iya ɓoye shi daga shafi, amma fayil ɗin zai zauna a ma'ajiya, jerin da ya dogara da shi zai iya sauko da shi. Wanda bai yarda ba an ba shi zuwa 5 ga Agusta ya nemi a cire duk ayyukansa. Wasu manyan tsofaffin hannu sun yi hakan, suka koma wasu rumbunan ko shafukansu na kansu. Ɓangarorin biyu kowa da gaskiyarsa. Jeri ba zai taɓa tsayuwa ba in tubalinsa na iya ɓacewa. Shi kuma wanda ya yi shekara goma yana aiki kyauta, abu ɗaya da ya rage a hannunsa shi ne ikon cewa "na fasa". Akwai kuma kukan da ba a cika sauraro ba: tsohon zubi mai kuskure zai ci gaba da yawo da sunanka, masu ƙorafi su zo shafinka kan abin da ka gyara tun bara, alhali ba su ma san sun sauke aikinka ba, maɓalli ɗaya suka danna.

Masoyan da ke rubuta nasu labaran a kan jaruman fina-finan kimiyya sun fuskanci irin wannan tambaya, suka sama mata wata mafita. Rumbun Archive of Our Own, wanda masoya suka gina da kansu aka buɗe shi ga jama'a a 2009, ya ba marubuci zaɓin mayar da aikinsa maraya: sunansa ya fita har abada, labarin ya zauna. Amma can an bar masa ikon gogewa ma, domin ɓacewar labari ɗaya ba ta hana karanta wani. Wannan sauƙin ne mod ba shi da shi, kuma shi ya sa al'adar da aka aro daga mujallun masoya ta kasa ɗaukar nauyin da aka ɗora mata.

Wata uku kacal bayan wa'adin Nexus na Agusta, a 11 ga Nuwamba 2021, sabuntawar cikar Skyrim shekara goma ta sake nuna zurfin sarƙewar. SKSE da ƙananan manhajojin da ke kansa suna aiki ne da adireshin wurare a cikin fayil ɗin wasan, sabuntawar kuwa ta motsa su. Duk manhajar da mai ita ya daina aiki ta tsaya, sai in ya bar rubutun manhajar a buɗe da izinin gyara. Haka aka sake gani a Fallout 4 a 25 ga Afrilu 2024, har Fallout: London, babban mod na sa-kai da aka yi shekaru ana haɗawa, ya ɗage fitowarsa zuwa 25 ga Yuli.

Duk wannan a kan mai kula da zaure yake sauka, kuma yawancinsu aikin sa-kai suke yi. Ƙorafin sata ya iso: "wane ya ɗauki zanen sulkena." Abin da zai fara dubawa shi ne ranar da kowane fayil ya hau. Sai ya buɗe duka biyun, ya gwada lambar tantancewar hotuna da siffofi, ya duba sunayen cikin fayil, domin mai kwafa yakan sauya sunan waje ya manta na ciki. Wannan ɓangaren mai sauƙi ne. Wahalar tana wajen izini. Wanda ake zargi ya ce an ba shi izini a saƙon sirri shekara shida da suka wuce, ga hoton allo, wanda kowa zai iya ƙirƙira. Ko shafin ya ce "kowa ya yi amfani" a lokacin da aka ɗauka, daga baya mai shi ya sauya ra'ayi. Ko mai shi ya ɓace tun 2014, ba ya amsa saƙo, aikinsa kuma ya karye yana jiran gyaran layi biyu. Mafi yawan rumbuna suna ɗaukar shiru a matsayin "a'a", don haka gyaran da kowa ya san yadda ake yi ba ya halatta a ɗora shi. Abin da ƙwararrun masu kula ke roƙo bai wuce uku ba: a rubuta izini a fili a shafin aikin, a faɗi abin da zai faru in an yi wata shida ko shekara ba a ji ɗuriyar mai shi ba, a kuma fitar da faci daban wanda ba ya ɗauke da kayan asali a cikinsa.

Da kuɗi suka dawo a 2023, a wannan tsohon ramin suka faɗa. A ƙarshen 2024 gardamar da ta fi zafi a Nexus ba ta farashi ba ce, ta faci ce: shin a bar faci na kyauta wanda ɗaya daga cikin iyayensa na kuɗi ne? In an hana, wanda ya saya ba zai iya haɗa abin da ya saya da sauran jerinsa ba. In an bari, mai aikin kyauta ya ga guminsa yana ƙara wa hajar wani daraja, jeri kuma ya fara zuwa da sharaɗin sai ka biya kafin ya tashi. Mai kula da zaure da ya buɗe irin wannan faci zai ga sunaye biyu ko uku a kansa, ɗaya na kasuwa, ɗaya na kyauta, wataƙila na ukun mai shi ya kwashe kayansa tun Agustan 2021.