Wai jirgin ƙarƙashin teku yana iya bi ta ruwan kowace ƙasa a ɓoye? Ga abin da doka ta ce

Duk lokacin da aka ce an hango jirgin yaƙi mai nutso kusa da gaɓar wata ƙasa sai ka ji musu ya kaure, wasu su ce ai teku ba ta kowa ba ce, wasu su ce wannan kutse ne ƙarara. To dukkansu suna da gaskiya ta wani ɓangaren, ya danganta da inda jirgin yake, da kuma ko yana sama ko yana ƙasa.

Dokar da ake magana a kai ita ce Yarjejeniyar Dokar Teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, an sa mata hannu a Montego Bay ta ƙasar Jamaika ranar 10 ga Disamba 1982, amma ba ta fara aiki ba sai Nuwamba 1994. Najeriya ta amince da ita tun 1986. Amurka kuwa har yau majalisar dattawanta ba ta amince da ita ba, duk da cewa tana bin yawancin dokokin zirga-zirgar da ke ciki a matsayin al'adar ƙasa da ƙasa.

Abu na farko, mil ɗin teku ba irin mil ɗin da muka sani a hanya ba ne, shi mita 1,852 ne. Daga bakin gaɓa, inda ruwa yake tsayawa idan ya janye, ƙasa tana da mil 12 a cikin teku, wajen kilomita 22 kenan, kuma wannan yankin nata ne kamar yadda gonarta da dajinta suke nata, har samansa da ƙasansa. Shi ne Turawa ke kira territorial sea. Bayansa akwai yankin da ya kai mil 200 wanda kifinsa da man fetur ɗinsa na ƙasar ne, amma hanyar wucewa ta kowa ce, a can jirgin nutso ya yi ta nutsonsa ba wanda zai ce masa ƙala.

Rikicin duk a cikin mil 12 ɗin nan yake. Doka ta ba jiragen kowace ƙasa, har ƙasashen da ba su da teku irin Nijar da Chadi, damar wucewa ta wannan ruwan, abin da suke kira innocent passage, wato wucewa ba da mugun nufi ba. Sharaɗin shi ne ka wuce kai tsaye kar ka tsaya kana waige-waige, sai dai in jirgin ya samu matsala ko za ka ceci wasu. Ba atisayen makamai, ba leƙen asiri, ba tada jirgin sama daga kan jirgin, ba kamun kifi, ba bincike, ba zubar da ƙazanta da gangan. Sai sashe na 20 ya zo da jimla guda ɗaya tak a kan jiragen nutso: dole su taso saman ruwa su yi tafiyarsu a fili, kuma su ɗaga tutar ƙasarsu.

Ni wannan sashen ya fi kowane burge ni wallahi, saboda jirgin nutso duk amfaninsa ɓuya ne, don ita aka ƙera shi, amma doka ta ce in za ka ratsa ta ƙofar gidan mutum to ka cire rawanin da ka rufe fuska ka yi sallama. Kuma hakan daidai ne, ta yaya mai gida zai san ba da mugun nufi ka zo ba alhali bai ma san kana nan ba?

An ga yadda abin yake a Suwidin a 1981. Tun kafin wannan yarjejeniyar, ta Janiba ta 1958 ta riga ta kafa wannan sharaɗin na tasowa sama. A daren 27 ga Oktoba wani jirgin nutso na Tarayyar Sobiyet ya hau kan duwatsu ya maƙale, kamar kilomita 10 daga babban sansanin sojan ruwan Suwidin na Karlskrona, cikin yankin da aka hana baƙi shiga, kuma masu kamun kifi ne ma suka gan shi da gari ya waye. Sobiyet suka ce na'urorin gane hanya ne suka lalace, Suwidin ba ta yarda ba, suka yi wa kwamandan tambayoyi, masanansu suka auna jikin jirgin daga waje suka ce da alama akwai makamin nukiliya a ciki. Sai 6 ga Nuwamba aka raka shi waje aka sake shi. Haka a Nuwamba 2004 Japan ta gano wani jirgin nutso na Sin yana ratsa ruwanta a nutse kusa da tsibirin Ishigaki, ta tura jiragen yaƙi da na sama suka bi shi, daga baya Sin ta nuna takaicinta kan abin.

Nan ne kuma zaka ga inda dokar take da rauni. Jirgin yaƙi yana da kariya, ba za ka hau shi ka kama sojojin ciki ka kai su kotu kamar ɓarayin kifi ba. Sashe na 30 cewa ya yi in ya ƙi bin dokarka bayan ka gargaɗe shi, sai ka umarce shi ya fice daga ruwanka nan take, sashe na 31 kuma ya ce in ya yi ɓarna ƙasarsa ce za ta ɗauki alhaki. Ƙaramar ƙasa da ba ta da na'urar jin motsi a ƙarƙashin ruwa kuwa, ko an shigo mata ba lallai ta sani ba, wannan yana damuna.

Sai mashigai, wato matsattsun wuraren da duniya ke bi, irin Jibralta da Bab al-Mandab da Hormuz. Hormuz a inda ya fi ƙunci bai wuce mil 21 ba, kaga in Iran ta ɗauki 12 Oman ta ɗauki 12 ba abin da ya rage a tsakiya. Don haka aka yi musu wata doka daban mai suna transit passage, kamar burtali ne da ya ratsa tsakanin gonaki, masu gona ba su da ikon toshe shi ko na ɗan lokaci. A nan doka ta ce jirgi ya wuce ta hanyar tafiyarsa da ya saba, kuma yawancin ƙasashe sun fassara hakan da cewa jirgin nutso zai iya wucewa a nutse. Iran ta sa hannu a yarjejeniyar amma ba ta tabbatar da ita ba, kuma matsayinta shi ne wannan damar ta ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar ce kawai, shi yasa kullum ita da Amurka ba sa jituwa a kan wajen.

Mashigan Turkiyya kuma, waɗanda suka haɗa Baƙin Teku (Bahar Aswad) da Bahar Rum, tasu dokar daban ce tun 1936, yarjejeniyar Montreux. Jiragen nutso na ƙasashen da ke bakin Baƙin Teku ne kaɗai za su bi, su ma a wasu yanayi ƙalilan kamar sabon jirgi da zai je sansaninsa ko wanda zai fita gyara, kuma sai an sanar da Turkiyya tukuna, da rana, a saman ruwa, ɗaya bayan ɗaya.