Babban Manajan Ƙungiyar Ƙwallon Kwando

Babban manaja, wanda wasu ƙungiyoyi ke kira shugaban sashen wasa, shi ne jami'in da ke gina ƙungiyar ƙwallon kwando daga ofis. Koci ne ke tsayawa a bakin fili yana ba da umarni. Manaja kuwa shi ke ɗauko matasa a zaɓen sabbin 'yan wasa na kowace shekara, shi ke musayar 'yan wasa da sauran ƙungiyoyi, ya ƙulla kwantiragi, ya ɗauki koci ko ya sallame shi.

A gasar NBA ta Amurka akwai iyakar kuɗin da ƙungiya za ta kashe kan albashin 'yan wasa, kuma wadda ta zarce wani mataki tana biyan haraji mai nauyi. Albashin manaja ba ya cikin wannan lissafi. Don haka mai ƙungiya na iya biyansa duk abin da ya ga dama ba tare da ya taɓa kason 'yan wasa ba, abin da ya sa riƙe ƙwararren manaja ke cikin hanyoyi mafi araha na samun fifiko. Wahalar ita ce aikinsa shuka ne, ba a ganin amfaninsa sai bayan shekaru, wani lokaci bayan ya bar wurin.

Tarihin ƙungiyar Denver Nuggets ya nuna wannan sarai. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya riƙe ta daga 2010. A kakar da ta ƙare a 2013 ƙungiyar ta ci wasa 57, shi kuma aka ba shi kyautar jami'i mafi ƙwazo na shekara. A shekarar ce Toronto Raptors ta Kanada ta ɗauke shi kan kwantiragin shekara biyar da aka ruwaito ya kai dala miliyan 15, Denver ta bar shi ya tafi. A 2018 ya yi kasadar da magoya baya da yawa suka ji zafinta: ya bayar da DeMar DeRozan, ɗan gaban goshin birnin, ya karɓo Kawhi Leonard wanda saura shekara ɗaya kwantiraginsa ya ba shi damar tafiya. Leonard ya tafi ɗin bayan kaka guda, amma sai da Toronto ta ɗaga kofinta na farko a 2019. Wannan kofi kaɗai ya fanshe kuɗin da aka biya Ujiri.

Sai dai Denver ba ta durƙushe ba. Magajinsa, Tim Connelly, ya zaɓi wani matashi ɗan Sabiya, Nikola Jokić, a lamba ta 41 a 2014. Ana tsakiyar talla a talabijin sunansa ya gifta a ƙasan allo, ba wanda ya kula. Jokić ya zama gwarzon gasar har sau uku. A 2022 Minnesota Timberwolves ta yi wa Connelly tayin da aka ce ya kai dala miliyan 40 na shekara biyar, Denver ta sake sakin manajanta, kuma a 2023 ta ci kofi da ginshiƙan da shi ya kafa.

Masu cewa ba sai an kashe maƙudan kuɗi kan manaja ba da wannan suke kafa hujja, amma hujjar ba ta da ƙwari sosai, domin girbin gonar da wanda ya tafi ya shuka aka ci. Oklahoma City Thunder ta bi ɗaya hanyar. Sam Presti yana kan kujerar tun 2007, lokacin ƙungiyar tana birnin Seattle. Ya zaɓi Kevin Durant, Russell Westbrook da James Harden a shekaru uku a jere, duka suka watse ba kofi, masu ƙungiyar suka yi haƙuri da shi. A 2019 ya bayar da Paul George ya karɓo Shai Gilgeous-Alexander, kuma a 2025 ƙungiyar ta ɗaga kofi, shekara 18 bayan ɗaukarsa.