Waiwaye: Tsohon cocin Dalas, wane kamanninsa za a maido?

Tun yammacin Juma'a, 19 ga Yuli, 2024, da gobara ta cinye tsohon ɗakin sujada na Cocin Baftis na Farko a tsakiyar birnin Dalas, jihar Tekzas, maganarsa ba ta kwanta ba. Rufi ya rufta, ciki ya ƙone, amma bangon jan bulo ya tsaya, aka tokare shi da ƙarafa. Ikilisiyar ta ce za ta sake ginawa, masu kishin kayan tarihi kuma na roƙon a mayar da shi yadda yake. Ni abin da ke tsaya mini a rai shi ne: yadda yake a wace shekara?

Farkon labarin sananne ne. Mutum 11 ne suka kafa ikilisiyar a 1868, ginin jan bulon kuma na wajen 1890 ne.

Inda ake tsallakewa shi ne zamanin Fasto George W. Truett, wanda ya karɓi ragamar cocin a 1897 ya riƙe har rasuwarsa a 1944. Ya tarar da mambobi kusan 700, ya bar sama da 7,000. Ɗakin da aka gina tun wajen 1890 ba zai ɗauki wannan jama'a ba. Hanya biyu ce a gabansu: su nemi fili a wani wuri su yi sabo, ko su zauna inda suke su buɗa wanda suke da shi. Suka zauna. Aka faɗaɗa ginin a farkon ƙarni na 20, aka sake yi masa babban aiki a shekarun 1920. Wanda ya san gidan gado ya san yadda abin yake: kaka ya yi zaure, ɗa ya fasa katanga ya ƙara ɗaki, jika ya ɗora bene, kowa kuma in ya ce "gidanmu na da", wanda ya taso ya gani yake nufi.

Wannan zaman da suka yi shi ya zama ɗabi'ar cocin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da iyalai suka riƙa barin tsakiyar biranen Amurka zuwa sababbin unguwanni, cocin ya ci gaba da sayen filayen maƙwabta yana gini a kewaye. A 2013 aka buɗe sabon ɗakin sujada mai kujeru 3,000, tsohon ya rage a tsakiya ana ƙananan taruka a ciki.

Tsofaffin da suka tsaya bakin titin San Jacinto suna kallon hayaƙi, ɗakin da aka ɗaura musu aure suke wa kuka, ba zanen 1890 ba. Bangon da aka tokare da ƙarafa bayan gobarar aikin magina ne na zamani fiye da ɗaya.