Waiwaye: yadda likitoci suka kai ga ganin gudan jini a huhu

A lokacin aikin hajji, asibitocin Makka da Madina kan karɓi alhazan da numfashi ya sarƙe musu ba zato, ga ciwon ƙirji, wani ma ƙafa ɗaya a kumbure. Abin da likita ke tsoro shi ne jalɗa, kamar yadda mutanenmu na Saudiyya ke kiranta: jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya je ya toshe jijiyar huhu. Zaman jirgi na fiye da awa 4 na ƙara haɗarin, balle ga dattijo.

Tun wajen 1850 likita Rudolf Virchow na Jamus ya gano hanyar da gudan ke bi, amma a jikin gawa. Kafin a iya ganinsa sosai a jikin mai rai, sai da aka haura shekara 100. Hoton ƙirji ba ya nuna gudan, sai 'yan alamu irin waɗanda likita Westermark ya bayyana a 1938 da likita Hampton a 1940. Sau da yawa ma hoton fes yake fita, alhali mutum na bakin kura.

A shekarun 1960 aka riƙa zura siririn bututu ta jijiya, ya ratsa zuciya, a fesa rini a ɗauki hoto. Yana faɗin gaskiya, amma da wahala. A 1964 Henry Wagner na Johns Hopkins a Amurka ya kawo allurar sinadari mai ɗan tururin nukiliya da ke nuna inda jini bai isa ba a huhu. Sai dai wani babban bincike mai suna PIOPED na 1990 ya nuna yawancin sakamakon ba e ba a'a.

Na'urar siti-sikan ce ta raba gardama, bayan aikin Martine Rémy-Jardin a Lil ta Faransa a 1992. Allurar rini a hannu, riƙe numfashi na 'yan daƙiƙu, ga gudan ƙuru-ƙuru.

Yanzu kuma gani ya so ya yi yawa. Na'urar na tono ƙananan gudaje da likitoci ke saɓani kan ko duka ke buƙatar maganin tsinka jini. Shi ya sa, a ganina, ɗan'uwan da ke fushi don an fara da gwajin jini na D-dimer, mai neman alamar daskarewar jini, maimakon hoto bai yi wa likita adalci ba. Rinin na iya taɓa ƙoda mai rauni, kuma mai juna biyu da ƙafarta ta kumbura, da sikanin ƙafar ake fara mata.