Yaƙin Bama, 1942 zuwa 1945: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya kai Japan ƙasar Bama (Myanmar ta yau) a Yaƙin Duniya na Biyu?

Abin da ya fi tsone wa Japan ido shi ne hanyar motar da ta tashi daga Lashio a arewacin Bama har Kunming a ƙasar Sin, domin ta nan ne Amurka da Birtaniya suke tura wa sojojin Chiang Kai-shek, jagoran Sin da ke yaƙi da Japan, makamai da mai. Ga kuma shinkafa da rijiyoyin man ƙasar. Sojojin Japan sun kutso daga Tailan a Janairun 1942, suka kama Rangun, babban birnin Bama a lokacin, a watan Maris, kafin ƙarshen Mayu kuwa sun kora sojojin Birtaniya har cikin Indiya.

Wace dabara ce ta ba su nasara da sauri haka?

Rundunar Birtaniya ta dogara da motoci, mota kuwa ba ta rabuwa da titi. Japanawa sai su taho a ƙafa da ɗan guzurinsu, su bi ta cikin kurmi, su zagaya su datse titin ta baya. Da zarar runduna ta ga an raba ta da abinci da harsashi, sai ta juya don buɗe hanya, ta zubar da kayanta, ta bar filin.

To, yaya aka karya wannan dabara?

A ganina nan ne yaƙin ya juya. Janar William Slim, wanda ya karɓi jagorancin Runduna ta 14 a 1943, ya ba da umarnin cewa duk ƙungiyar da aka kewaye ta tsaya inda take, jiragen sama za su jefo mata abinci da harsasai da magani. An gwada hakan a Arakan, yankin gaɓar teku a yammacin Bama, cikin Fabrairun 1944, sojojin da aka kewaye suka ƙi gusawa, masu kewayen ne yunwa ta kora.

Wata guda bayan haka Janar Mutaguchi na Japan ya tsallaka zuwa Indiya da sojoji kimanin 85,000, ya nufi Imphal da Kohima da guzurin da bai wuce na mako uku ba, yana sa ran ciyar da mutanensa daga rumbunan Birtaniya idan ya kama su. Rumbunan ba su faɗo hannunsa ba, damina ta sauka, har Janar Sato da ke Kohima ya janye sojojinsa ba da izini ba saboda babu abin da za su ci. An buɗe hanyar Kohima zuwa Imphal ranar 22 ga Yuni, Japan kuwa ta yi asarar mutum fiye da 50,000 tsakanin matattu da raunana, da yawansu yunwa da cuta ne suka kayar da su.

Ina sojojin Afirka ta Yamma suka shigo?

Runduna ta 81 da ta 82 sun ƙunshi mutanen Najeriya da Gana, wadda a lokacin ake kira Gold Coast, da Saliyo da Gambiya, kuma Hausa ce harshen da yawancin sojojin Najeriya suke fahimtar juna da shi a bariki. An tura ta 81 kwarin Kaladan a 1944 don ta tsare gefen rundunar da ke yaƙi a gaɓar teku. Wurin duwatsu ne da koguna inda mota ba ta da amfani, don haka kayanta daga sama suke saukowa, 'yan dako kuma su ɗauka a ka su hau tsauni da su. Wannan ya sa ta iya bin Japanawa inda suka saba shiga su kaɗai, kuma bai kamata a riƙa ambaton wannan aiki a layi ɗaya a wuce ba. Rundunonin biyu sun haɗu suka kama garin Myohaung na Arakan a Janairun 1945. Wasu bataliyoyin Najeriya kuma sun yi yaƙi a bayan layin abokan gaba tare da dakarun Chindit, wato sojojin kutse na musamman na Janar Orde Wingate na Birtaniya. Daga wannan yaƙi ne barikin Dalet na Kaduna da na Chindit a Zariya da Burma Camp na Akara suka samo sunayensu.

Da me aka rufe yaƙin?

Da yaudara. Slim ya bar Janar Kimura, kwamandan sojojin Japan a Bama, yana zaton birnin Mandalay ne abin hari, alhali ya sulale da wani babban sashe na sojojinsa kudu, suka haye kogin Irrawaddy kusa da Pagan a Fabrairun 1945, tankoki suka afka wa Meiktila, cibiyar da Japanawa suke ajiye kayan yaƙi da asibitocinsu. Meiktila da Mandalay duka sun faɗi a watan Maris, aka yi tsere da damina zuwa kudu, aka shiga Rangun ranar 3 ga Mayun 1945 bayan Japanawa sun fice daga birnin.